Ƙurar Laimar Kwaɗi Da Ciwon Daji: Da'awa Da Shaidunta

Wannan bayani ne a kan wani magani da ya shigo ƙasar nan daga ƙasashen Gabas mai nisa, ana sayar da shi cikin 'yan kwalabe da ƙunshin shayi da na gahawa, ana cewa yana wanke jiki, yana kuma kashe ciwon daji. Asalinsa kuwa wata irin laimar kwaɗi ce, tare da ƙurar da take zubarwa. Masu tallansa sun iya baki, suna da hotuna da takardu masu tambari, har sukan ambaci binciken masana na manyan makarantu. Dalilin da ya sa maganar ta shafi mutanen Wurno da Raba da Goronyo shi ne, su manoman fadama ne, kuɗi kan zo musu a dunƙule sa'ad da aka kwashe albasa da tafarnuwa da shinkafa, kuma a gidaje da yawa akwai majinyacin da aka daɗe ana nema wa sauƙi. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Saboda haka ya kamata a bi maganar daki-daki, yadda alƙali ke bin shari'a: a ji da'awa, a kira shaidu, a auna adalcinsu, sa'an nan a yanke hukunci.

Fasali a kan asalin abin

Mai karatu ya sani cewa naman kaza da ke fitowa da damina, da laimar kwaɗi da ke tsiro a juji, da tumukun suri da ake gani a kan gidan gara, da burtuntunar da ke ɓata zangarniyar dawa, da funfunar da ke kama kwantan tuwo, duk dangi ɗaya ne. Sun bambanta da itatuwa da ciyayi, gama ba su da koren ganye da za su dafa abincinsu da hasken rana. Cimarsu daga jikin wani take, ko busasshen icce, ko taki, ko hatsi. Ainihin jikinsu wasu zarurruka ne farare, sirara ƙwarai, waɗanda ke ratsa cikin icce ko ƙasa ba a ganinsu. Laimar nan da ke bayyana a waje kamar 'ya'yan itace take gare su, aikinta kawai ta fitar da iri.

Irin nasu kuwa ƙura ne. Duk manomin da ya taɓa kama zangarniya mai burtuntuna ya ga baƙin gari ya ɓata masa hannu, to, ya ga wannan iri da idonsa. Iska ke ɗaukarsa, inda ya faɗa ya sami danshi da abinci sai ya tsira.

Wadda ake magana a kanta masana suna kiranta Ganodama, mutanen Sin suna ce mata Linji, na Japan kuma Reshi. Ba ta da taushi kamar naman kaza. Tauri gare ta kamar icce, siffarta kamar ƙoda ko mafici, bayanta ja mai sheƙi kamar an shafa mai, ga ɗaci. A gindin itatuwa da kututture take fitowa, tana ruɓar da su, har wata 'yar'uwarta ita ce babbar annobar gonakin kwakwar manja a ƙasar Malesiya. Danginta suna nan a dazuzzukan Nijeriya ma, inda duk akwai danshi da mataccen icce. Mutanen Sin sun rubuta ta cikin littafinsu na magunguna tun shekara wajen dubu biyu da suka wuce, suna ɗaukarta alamar tsawon rai. A dā wuyar samu gare ta, sai sarakuna da attajirai. Daga wajen shekarar 1970 aka gane yadda za a noma ta a kan gungumen icce da garin katako cikin rumfuna, sai ta zama kayan fatauci.

In ta nuna, sai ƙura mai launin ƙasa-ƙasa ta riƙa zubowa daga ƙananan ramukan da ke cikinta. Manomanta sukan lulluɓe ta da takarda ko leda su tara ƙurar. Ƙanƙantar ƙwayar ta kai ga in an jera guda ɗari, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ba. Kowace ƙwaya tana da ɓawo riɓi biyu mai tsananin tauri, wanda cikin mutum ba ya iya narkar da shi sosai, don haka ake fasa shi da injin niƙa. A ciki ana samun mai, da wasu sinadarai masu ɗaci, da wani irin sukari mai dogon zare wanda ba shi da zaƙi. Waɗannan su ne ake tatsa da ruwan zafi ko da wasu ruwaye na ma'aikata, a ce an sami tataccen magani. Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi tun nan. Da zarar an fasa ɓawon, man da ke ciki ya haɗu da iska, sai ya soma lalacewa kamar yadda man gyaɗa ke sauya wari in ya daɗe. Ƙunshin da ya yi watanni a kan tebur cikin zafin bazarar Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, ba lalle ne ya zauna yadda aka ɗura shi ba.

Fasali a kan da'awa ta farko, watau hana tsatsar jiki

Kowa ya san in an bar fartanya a waje ta sha raɓa sai ta yi tsatsa. In an fasa goro aka ajiye, fuskarsa takan sauya ta yi duhu. In an yanka yalo shi ma haka, amma in an ɗiga masa lemon tsami sai ya jima bai sauya ba. Dalilin duka ɗaya ne, wani sashe na iskar da ake shaƙa shi ke cin su. To, cikin jikin ɗan Adam ma haka abin yake. Sa'ad da jiki ke ƙona abinci don ya sami ƙarfi, wasu 'yan ɓarɓashi masu zafi kan fita kamar tartsatsin maƙera, su taɓa ƙwayoyin halittar jiki su yi musu lahani. Hayaƙin taba da wasu gubobi suna ƙara yawansu. Lahanin nan in ya taru yana cikin abubuwan da ke iya sa ƙwayar halitta ta fita daga tsari, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, wannan kuwa shi ne asalin ciwon daji. Duk abin da ke kashe tartsatsin nan, kamar yadda lemon tsami ya yi wa yalo, shi ake kira mai hana tsatsa.

Masana suna da awo mai sauƙi na gane wannan, wanda aka ƙago tun 1958. Wani ruwa ne mai launin shunayya, in an zuba masa abin da ke hana tsatsa sai ya koma rawaya. An gwada tataccen ƙurar Ganodama da wannan awo a wurare da yawa, ruwan kuwa ya sauya. Har nan mai talla bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, zogale ma yana sauya ruwan nan, haka soɓorodo, da garin kuka, da ganyen shayi, da albasar nan da ake lodawa a motoci daga fadamun Rima. Sauyin launi a kwalba ba ya nuna abin da zai faru bayan abu ya bi ta tumbi da hanji da hanta. Ma'aikatar gona ta Amurka ta taɓa buga jerin abinci bisa ga ƙarfinsu na hana tsatsa a kwalba, amma a 2012 ta janye shi, domin ta ga 'yan kasuwa suna ruɗin mutane da shi, alhali awon ba ya nuna amfani ga lafiyar mai ci.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A ƙasar Finlan an tara maza masu shan taba su 29,133, aka ba waɗansu wani sinadari mai hana tsatsa irin wanda ke cikin karas da manja, aka bi su shekaru. Da aka bayyana sakamako a 1994, sai aka ga waɗanda suka sha shi sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 aka tsayar da wani gwaji irinsa a Amurka tun lokacinsa bai cika ba, saboda an ga abu ɗaya. A 2011 kuma gwajin bitamin E a kan maza fiye da 35,000 ya nuna ƙarin ciwon dajin mafitsara na maza da kashi 17 cikin ɗari. Watau abin da ke da amfani cikin miya da 'ya'yan itace, in an tace shi aka ɗura wa jiki da yawa, yana iya juyewa ya zama cuta. Har wa yau, gashin da likitoci ke yi wa ciwon daji da na'ura, da waɗansu allurai nasu, da irin tartsatsin nan suke kashe mugun nama. Shi ya sa likitoci ke son majinyaci ya gaya musu duk abin da yake sha a gida, don kada ya riƙa zuba ruwa a wutar da suke hurawa.

Fasali a kan da'awa ta biyu da shaidunta uku

Da'awa ta biyu ita ce ƙurar tana kashe ciwon daji. Shaidun da ake kawowa kashi uku ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Shaida na farko shi ne faranti. Masana sukan raya ƙwayoyin ciwon daji cikin ɗan faranti na gilashi, su ɗiga musu magani su duba. An yi haka da tataccen ƙurar Ganodama a kan ƙwayoyin dajin nono da na hanta da na huhu da waɗansu, aka ga suna rage hayayyafa, waɗansu suna mutuwa. Wannan gaskiya ne. Amma a faranti abubuwa masu yawa suna kashe su, har da gishiri in ya yi yawa. A can babu jini, babu hanta mai tacewa, babu ƙoda mai fitarwa. Yawan da ake ɗigawa a faranti kuma sau da yawa ba ya taruwa a jinin wanda ya sha ta baki.

Shaida na biyu shi ne ɓera. Akan dasa wa ɓerayen gwaji ƙari, a ba su maganin, a auna girman ƙarin. A nan ma an sami rahotanni cewa ƙari ya rage saurin girma. Wannan ya fi na farko ƙarfi, amma ɓera ba mutum ba ne. Cikin magungunan daji da suka ci jarrabawar faranti da ta ɓera har aka soma gwada su a kan mutane, waɗanda ke kaiwa ga samun izini ba su kai ɗaya cikin goma ba. A Vom kusa da Jos ma an gwada Ganodamar daji a kan kaji masu cutar hanji, shi ma a wannan mataki na dabbobi yake.

Shaida na uku, wanda shi ne adali, shi ne gwaji a kan majinyata. Akan raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan a hana waɗancan, sa'an nan a ƙidaya wa ya warke, wa ya daɗe. Wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tantance irin waɗannan gwaje-gwaje, ta tattara abin da aka yi a kan Ganodama a 2012, ta sake dubawa a 2016. Gwaji biyar kaɗai ta samu da suka cika sharaɗi, majinyatansu duka 373. Hukuncin da ta yanke shi ne, babu hujjar da ta isa a mai da Ganodama maganin da za a fara da shi, kuma ba a nuna tana ƙara tsawon rai ba. An dai ga alamar cewa waɗanda suka haɗa ta da maganin asibiti sun ɗan fi karɓar magani, kuma awon garkuwar jikinsu ya ɗan ɗaga, amma ƙungiyar ta ce gwaje-gwajen ba su da inganci sosai. Ita ƙurar kanta kuwa, shaidarta ta fi haka ƙaranci. Wanda aka fi ambata shi ne gwajin da aka yi a birnin Harbin na ƙasar Sin, aka buga a 2012, a kan mata 48 masu dajin nono, na tsawon mako huɗu. Abin da aka auna shi ne gajiya da kasala, matan da suka sha suka ce sun ji dama. Dukansu kuwa suna kan maganin asibiti, ba wadda ta bar shi.

A ƙasar Japan hukuma ta ba da izinin magunguna biyu da aka tatso daga waɗansu irin naman kaza dabam, Krestin a 1977, da lentinan a 1985. Amfaninsu shi ne a haɗa su da maganin likita su taimaka. Ko a can ba a ɗauke su madadin fiɗa ko allura ba.

Sai batun lahani. Mai talla yakan ce abin daga icce yake, ba ya cutarwa. Amma zaƙami ma tsiro ne, tunya ma tsiro ce. Likitoci a Hong Kong sun ba da labarin lalacewar hanta bayan shan garin Ganodama a 2004, a ƙasar Tailan kuma an ba da labarin wanda ya rasu ta wannan hanya a 2007. Tana iya tsinka jini, abin tsoro ga wanda za a yi wa fiɗa. Likitocin Sin sun lura cewa shan ƙurar yana ɗaga wata alama a jini wadda ake bin dajin ciki da ita, har a zaci ciwo ya dawo alhali bai dawo ba. Daɗin daɗawa, a 2017 an sayi iri 19 na kayan Ganodama a kasuwannin Amurka aka bincika, biyar kaɗai aka samu abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki. In haka ta faru a inda ake tsananta bincike, to, sai mai hankali ya auna abin da ake miƙo masa ta tagar mota ran kasuwa.

Fasali a kan gadon Wurno

Kada wani ya zaci wannan bayani raini ne ga itatuwa da saiwoyi. Mutanen Wurno su ya fi cancanta su san haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, ya kuma rasu a can a 1253 ta Hijira, watau 1837, inda hubbarensa yake har yau, ya wallafa littattafai da dama a kan ilmin magani. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basur, da tsutsar ciki, ya kuma keɓe risala guda a kan filasko da yadda ake sassauta ciki da shi. Da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita da zai zauna a ƙasar. Ya riƙe ilmin magabata, bai kuma ƙi neman na baƙi ba. Filaskon da ya yi bayani kuwa, yau ana tace shi ana yin ƙwayoyin sassauta ciki da shi, ana ba da su a asibitocin duniya, domin an gwada an ga yana yin abin da aka ce yana yi.

Malamai sun san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim a kan kam'a, wata 'yar'uwar naman kaza da ke girma ƙarƙashin rairayin hamada, inda aka ambaci amfanin ruwanta ga ido. Kam'a dabam, Ganodama dabam, ido dabam, ciwon daji dabam. Wanda ya ja hadisin nan don ya sayar da gahawarsa ya ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba.

Dangin funfuna sun ba duniya magunguna na haƙiƙa. A 1928 wani likita a Landan mai suna Fleming ya ga funfuna ta faɗa farantinsa ta kashe ƙwayoyin cuta da ke kewaye da ita. Sai da aka shekara fiye da goma ana aiki kafin masanan Oksfod su tace ta su gwada a kan majinyaci a 1941, ta zama fenisilin. Haka kuma daga wani fure na tsibirin Madagaska aka fitar da allurar da aka ba izini a 1963, wadda ke cikin magungunan da ake warkar da dajin yara da su har yau. Hanyar da waɗannan suka bi ita ce faranti, sa'an nan dabba, sa'an nan mutane masu yawa, ana ƙidaya wanda ya warke da wanda ya cutu. Ƙurar Ganodama tana kan wannan hanya, amma ba ta kai ƙarshenta ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Fasali a kan ƙurar da shaidarta ta tabbata

Akwai wata funfuna da alaƙarta da ciwon daji ta tabbata ba shakka, ita kuwa a cikin rumbu take. Launinta kore-kore ne mai ratsin rawaya, tana kama gyaɗa da masara, tana zuba musu guba da ake kira afilatoksin. An gano gubar ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu daga cin masara mai wannan guba. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana kawo dajin hanta, in kuwa ta haɗu da cutar hanta mai lamba B, haɗarin kan ninka har wajen sau talatin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Tana yawaita in fari ya kama shuka gab da nuna, ko in an adana amfani da sauran danshi, ko ƙwari sun huda shi.

Wannan ya shafi duk mai noman masara a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, da mai gyaɗa a tudun Raba. Rigakafinsa a hannun manomi yake. A busar da amfani sarai a kan tabarma ko tamfol, kada a zube shi a ƙasa tsirara. A tsince ƙwayar da ta yanƙwane ko ta sauya launi ko ta yi ɗaci, a zubar. Kada a ce asara ce a yi ƙuli-ƙuli da ita, ko a ba yara, ko a zuba wa shanun tatsa, gama gubar takan bi nono ta fito. A gyara rufin rumbu tun kafin ruwa ya sauka.

Abin sha'awa, maganin wannan ƙura wata ƙura ce. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan sun zaɓo waɗansu jinsunan funfunar nan daga ƙasar Nijeriya waɗanda ba su yin guba, suka shafa ƙurarsu a jikin gasasshiyar dawa, suka rina ta shuɗiya don kada a ci. Sunan abin Aflasafe, an yi masa rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. An auna a gonakin manoma masu yawa, aka ga gubar tana raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Wannan ƙura ce da shaidunta suka cika.

Fasali a kan abin da ya kamaci mai majinyaci

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum wajen 128,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, wajen 80,000 kuma suka rasu. Dajin nono shi ne kan gaba, sai na mafitsarar maza, sai na bakin mahaifa. Babban abin da ke sa mace-macen su yi yawa shi ne zuwa asibiti a makare. Ƙullutun da bai wuce gyaɗa ba ana iya cire shi mace ta rayu ta ga jikokinta, wanda ya fashe ya bazu kuwa sai dai a rage zafi. A 2018 masanan jami'ar Yale ta Amurka suka kwatanta majinyata 281 da suka zaɓi magungunan gefe kaɗai da waɗansu 560 da suka bi na asibiti, suka ga haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi, ga masu dajin nono kuwa fiye da sau biyar. Mafi girman ɓarnar irin wannan gahawa ita ce watannin da take cinyewa, da kuɗin mota da na awo da take kwashewa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake jin labarin waɗanda suka warke. A bakin Hausawa kalmar daji tana ɗaukar gyambo mai ci, da maruru, da kumburi iri-iri, waɗanda da yawansu kan warke da kansu ko da ɗan magani. Wanda kumburinsa ya sace yana shan shayin nan sai ya yaba shayin, a ɗauki muryarsa a yi ta yaɗawa ta waya. Wanda ya sha bai tashi ba kuwa, ba a jin tasa shaidar. Ba a tabbatar da ciwon daji sai an ɗebi ɗan nama an duba shi da madubin likita.

Saboda haka duk wanda ya ga ƙullutu a nono ko hammata ko wuya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko jini bayan mace ta daina al'ada, ko rama ba dalili, ko wuyar fitsari ga dattijo, ko kumburin muƙamuƙi ga yaro, to, ya nufi asibiti mafi kusa, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai sashen da ke kula da wannan ciwo. An san hanyoyin gabashin Sakkwato sun sha fama da rashin tsaro, an san jinya tana da tsada, amma kuɗin da za a kashe a kwalabe goma gara a kashe shi a awo guda. Maigida ya ba iyalinsa izini da wuri, kuma kunya kada ta hana uwa gaya wa 'yarta ko ungozoma abin da ta ji a jikinta. A kai jariri allurar cutar hanta tun ranar haihuwa, tana cikin rigakafin yara tun 2004. A bar 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 su karɓi rigakafin dajin bakin mahaifa, wanda aka soma a Nijeriya a watan Oktoba na 2023.

Wanda yake kan maganin asibiti kuma yana son ya haɗa da Ganodama, ya kai kwalbar wurin likitansa ya nuna masa tukuna. Ya duba lambar hukumar NAFDAC a jiki, ya kuma san cewa lambar da hukumar ke ba magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, tana nufin an duba ba a ga guba a fili ba, ba ta nufin hukuma ta shaida yana warkarwa. In mai talla ya ce a bar allurar likita, ko ya ce maganinsa guda yana warkar da daji da ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya, to, a tashi a ba shi wuri.

Hukuncin da shaidun nan suka bayar ke nan. Ƙurar laimar nan tana hana tsatsa a kwalba, tana rage ƙari a faranti da jikin ɓera, mai yiwuwa kuma tana rage wa majinyaci gajiya. Cewa tana warkar da ciwon daji a jikin mutum, wannan da'awa ce da mai ita bai kawo shaidu ba tukuna, kuma ba a sayen biri a sama. Iyakar bayani ke nan. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da abin yi, amin.